Ɗan kallo ma alƙali ne: tarihin yadda muka koyi kallon wasa a Nijar

Duk wanda ya leƙa wani konsar a ƴan shekarun nan, a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram, ya san abin da za mu faɗa. An rubuta ƙarfe takwas na dare a jikin tike, mawaƙi bai hau dandamali ba sai da sha ɗaya ta gota. Da ya hau, dije ya sako waƙar daga na'ura, shi kuma yana bin ta da baki. Rabin jama'a sun ɗaga salula suna ɗaukar hoto, wasu sun hau suna liƙi har ba ka hango mai waƙar. Washegari a fada, ana shan shayi, hirar ita ce wane ya liƙa jaka nawa, wance ta sa wane irin leshi. Da wuya ka ji wanda ya ce murya ta fita ko ba ta fita ba, ko mai jita ya iya hannunsa.

To ba haka muka taso ba. Ƙasar nan ta yi zamanin da talaka ke fitowa daga gidan wasa yana yanka hukunci tamkar alƙali, kuma ƴan wasa na shakkar hukuncin nan nasa. Yau muna so mu bi tarihin kallon kansa: inda muka koye shi, wanda ya raya shi, da yadda ya sulluɓe mana.

Makarantarmu ta farko dandali ce. Bayan an gama girbi, in farin wata ya fito, ƴan mata su yi da'ira suna waƙa da tafi, mai kalangu na tsakiya, samari na gefe. A nan yaro ke fara gane cewa kiɗa na da kyau da muni. In zabiya ta ɓata baiti, amshi zai yi sanyi, ita da kanta ta san ta kasa. In makaɗi ya yi sake, ƴan rawa su watse su koma wajen wani. Ba wanda ya naɗa alƙali, ba kofi, amma kowa ya san gwanin garin. Haka ƴan kama da ƴan gambara a kasuwa: in ba ka ba mutane dariya ba, ba ka samun ko dala.

A Damagaram abin ya fi haka zurfi saboda wasan kara. Samari su rarraba muƙamai a tsakaninsu, wannan ya zama sarki, wannan alƙali, wancan kumandan, a yi ado da kara da tsumma, a fito ana kwaikwayon manya da tafiyarsu da maganarsu. Wasan ya rayu har zamaninmu, inda ake kwaikwayon gwamna da ministoci, har shugaban ƙasa, wani lokaci a gaban idon wanda ake kwaikwaya. Ma'aunin ɗan kallo a nan ɗaya ne: ya yi kama ko bai yi ba? Wanda ya kama tarin mutum da yadda yake gyara hula, shi ne gwani. Wanda ya wuce gona da iri ya koma zagi, jama'a su ce ya ɓata wasa. Kun ga tun kafin a gina ko ɗaki guda na tiyatir, mutanenmu sun san bambancin barkwanci da cin mutunci.

A fada kuwa akwai nata ma'aunin. Wanda ya saurari Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram ya san masu sauraronsa ba sa barin kuskure ya wuce. Makaɗin sarki in ya rikita jerin kakanni, tsofaffi na nan zaune, za su gyara masa.

Wasan da ake yi bisa dandamali, da labule da kujeru a jere, lakwal ce ta kawo shi. A makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikata na yankin nan, ɗalibai sun riƙa shirya wasanni a shekarun 1930. Ƴan Nijar irin su Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary duk sun bi ta makarantar. Waɗanda suka dawo gida suka zo da al'adar, har a shekarun 1950 Mahamane Dandobi ya rubuta wasannin da aka nuna a Yamai. Sai dai yawancin wasannin da Faransanci ne, masu kallon kuma ma'aikata ne da iyalansu. Talaka na waje yana leƙe.

Bayan samun ƴanci a 1960, André Salifou, haifaffen Damagaram, ya rubuta Tanimoune, kan Sarki Tanimun wanda ya mulki Damagaram daga 1851 zuwa 1884, aka buga shi littafi a 1973. Wannan ya nuna tarihinmu ma na iya hawa dandamali. Amma abin da ya kai wasa cikin kowane gida shi ne rediyo. An buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, aka kafa ORTN a 1967, wasan kwaikwayo da Hausa da Zabarmanci ya samu gurbi. Iyali su kewaye akwati guda, ba ka ganin fuskar kowa, da murya kaɗai za ka gane wannan Alhaji ne mai rowa, wannan kishiya ce, wannan boka ne maƙaryaci. Kunnenmu a nan ya goge. Mutum ya saba auna ɗan wasa da lafazinsa da karin maganarsa, tun bai taɓa ganinsa ba.

Sai ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji suka kifar da Diori, Seyni Kountché ya hau mulki. Ba jam'iyya, ba majalisa, to ta ina gwamnati za ta yi magana da jama'a? Sai aka farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa ta gargajiya, aka ba ta gida a unguwa-unguwa da gari-gari. Samariya ke share titi, ita ke dashen itace, ita ke tarbar baƙi, kuma ita ke shirya wasa. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi sarauta. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, wanda kowa ke kira festibal. Daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi, a watan Afrilu, daidai da zagayowar ranar juyin mulkin.

Wanda bai ga festibal ba, da wuya ya gane girman abin. Jihohi bakwai ne a lokacin: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Yamai da Damagaram. Kafin a kai matakin ƙasa, sai an yi tankaɗe da rairaya tun daga ƙasa, unguwa ta kara da unguwa, larondisma ta kara da larondisma, a fitar da waɗanda za su wakilci jiha a tiyatir, da bale, da waƙa, da kiɗan gargajiya, ga kuma wasannin motsa jiki. Wato kafin wasa guda ya iso gaban alƙalan ƙasa, dubban idanu sun riga sun tace shi. Wata da watanni ana atisaye a gidan samariya da dare, yara na kan katanga suna kallo. Kafin ranar gasa, sun haddace wasan, sun san inda ya kamata a yi dariya da inda mai wasa ya saba tuntuɓe.

A ranar wasa, gidan matasa ya cika tun rana ba ta faɗi ba. Alƙalai na gaba da takardunsu suna ba da maki, amma akwai babban alƙali a bayansu. In wasa ya yi daɗi, za ka ji guɗa, za ka ji wata tsohuwa ta ɗaga murya tana yi wa mugun miji faɗa sai ka ce a gidanta abin ke faruwa. In wasa ya yi lami, sai surutu ya tashi, masu gyaɗa da ruwan sanyi su samu kasuwa. In aka faɗi sakamako kuwa, gardama ta ɓarke ke nan. Ƴan Maraɗi su ce an danne su, ƴan Tawa su ce balensu ya fi, a yi ta yi a tasha da kasuwa har wata shekara. Abin lura, gardamar da hujja ake yin ta. Mutum zai ce maka labarin ya yi tsawo a tsakiya, ko kayan da aka sa ba na zamanin da ake nunawa ba ne, ko ƙarshen bai warware ƙullin da aka ɗaura a farko ba. Kuma mai wannan magana wataƙila bai taɓa zama a benci na lakwal ba.

A wannan zamanin ne tauraron Yazi Dogo ya haska. Mushe ne, malamin makaranta, ɗan Dogon Dutsi, amma a Damagaram ya yi suna da ƙungiyarsa. Irin wasansu ba a rubuta shi kalma-kalma. A zauna a tsara labari, a raba wa kowa matsayinsa, sauran magana kuma daga bakin ɗan wasa take fitowa, ana gyarawa a wajen atisaye. Shi ya sa Hausar ke fita garau kamar ta zaure. Da Télé Sahel ta fara watsa shirye-shirye a 1979, fuskokin da muka sani da murya suka shigo unguwa. A gidan samariya ko ƙofar gidan wani mai hali, a fito da tele waje, a shimfiɗa tabarmi, unguwa guda ta taru. Abin ya kai har masu bincike suka rubuta shi. Chaïbou Dan Inna ya yi nazari kan wasa a ƙasar Hausa, wata Ba'amurkiya mai suna Janet Beik kuma ta fitar da littafi a 1987 kan tiyatir na Hausa a Nijar.

Amma kada daɗin tuna baya ya rufe mana ido. Festibal na gwamnati ne, da kuɗin gwamnati, a lokacin da yuraniyom ke da daraja. Jigogin da ake so sanannu ne: haɗin kan ƙasa, illar tafiya ci-rani, auren dole, cin hanci, almubazzaranci a biki, bokayen ƙarya. Kana iya yi wa ɗan ƙaramin ma'aikaci mai karɓar na goro tsiya yadda ka ga dama, ai shugaban da kansa an san shi da dirar wa ofisoshi ba sanarwa. Amma akwai inda ba a kai hannu, kuma kowane ɗan wasa ya san iyakar. Waƙoƙi da yawa yabon mulki ne tsagwaronsa. Duk da haka ɗan kallo bai zama wawa ba. Ya iya rarrabe wasan da aka cusa wa darasi da ƙarfi, inda wani zai tsaya a ƙarshe ya yi jawabi kamar perfe, da wasan da darasin ke fitowa daga cikin labari. Kuma ya iya jin habaici. Wata kalma guda da aka sakaya, gidan ya ɗauke da dariya, manya na gaba su yi kamar ba su ji ba.

Ta fannin kiɗan zamani, an daɗe ana raina na gida. Orkes a Yamai su kwana suna kwaikwayon kiɗan Kongo da na Gine da na Mali, Alhaji Taya na cikin ƙalilan da suka fito da suna. A 1987, shekarar da Kountché ya rasu, aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, don a sa mawaƙa su nemo sautin ƙasarsu. A 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Taya. Daga wannan yunƙurin aka san su Sa'adu Bori na Maraɗi, da Musa Pusi, da Fati Mariko, da Adams Junior, da Yakuba Mumuni Danke-Danke wanda ya kafa Mamar Kassey. Malam Mamman Barka, shi ma mushe, ya ɗauki gurumi ya zagaya ƙasa da shi, daga baya ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyo biram mai tsirkiya biyar don kada ya ɓace. Waɗannan duka da makaɗa suke hawa dandamali. In ganga ta yi gudu ta bar jita a baya, kowa ya ji. In murya ta shaƙe, ba na'urar da za ta rufa asiri. Sa'adu Bori ya rasu a 2008, Mamman Barka a 2018. Allah ya jiƙansu.

To me ya faru? Abubuwa ne suka taru. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, fari ya zo a 1984, aljihun gwamnati ya bushe. Babban taron ƙasa na 1991, wanda André Salifou ɗin nan mai Tanimoune ya jagoranta, ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, samariya kuwa aka dube ta a matsayin kayan aikin tsohon mulki, ta watse ba a kafa wani abu a gurbinta ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kayan kiɗa da na sauti suka ninka kuɗi. Mawaƙi ya duba ya ga inda abinci yake: kamfe da biki. Mai yabon ɗan takara ba ya buƙatar ɗan kallo mai kunne, mutum guda yake buƙata mai aljihu.

Ana cikin haka kaset ɗin finafinan Kano ya shigo, wanda muke kira dandalin soyayya. Sunan kansa abin tunani ne, dandali ya tashi daga fili ya koma cikin akwati. Da ƴan kuɗi kaɗan ka shiga gidan bidiyo, ko ka kalla a ɗaka, ba sai ka taka zuwa gidan matasa ba. Ba laifin ƴan Kano ba ne, sana'arsu suka iya. Amma akwati ba ya jin guɗa, ba ya jin tsaki. Ɗan kallo ya saba karɓar abin da aka miƙo masa, ba ya mayar da martani.

Wutar dai ba ta mutu ba. A farkon shekarun 2000 ƴan rap irin su Kaidan Gaskia da Lakal Kaney da Wass-Wong sun cika CCOG, cibiyar da ke ɗauke da sunan Oumarou Ganda, kuma matasan da ke zuwa suna auna kalma, suna gardama kan wa ya fi faɗin gaskiya. Wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a watan Disambar 2005 sun fito da ƙungiyar Sogha. Alfred Dogbé ya kafa bikin tiyatir na Émergences kafin rasuwarsa a 2012. Bikin 18 ga Disamba mai zagayawa, Doso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, ya gyara gine-gine ya kuma dawo da gasa ta ƴan kwanaki. Sai dai biki na mako guda ba ya yin aikin da atisayen wata shida a unguwa ke yi. Ku duba gidajenmu: Bawa Ɗan Wardanga a Maraɗi, Albarka Cibau a Tawa, Abdu Salam Adam a Damagaram, Jado Seku a Yamai. Kowa ya ƙirga da kansa, a shekarar da ta wuce sau nawa ya shiga ɗaya daga cikinsu don kallon wasa, sau nawa kuma don taron siyasa ko walimar aure.

Mun saba ɗora laifi kan gwamnati da kan mawaƙa, kuma suna da nasu kason. Amma tarihin nan ya nuna mana gwanaye ba daga sama suke faɗowa ba. Yazi Dogo ya yi kaifi ne saboda yana wasa gaban mutanen da ba sa yafe wasan banza. In mun yarda a saka mana faifai a ce konsar ne, mun tafa, mun liƙa, to gobe wa zai wahalar da kansa ya ɗauki makaɗa biyar ya yi wata guda yana atisaye? Mai kalangu da mai gurumi su ne za su fara rasa abinci, yaransu kuma su ƙi gadon sana'ar.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. In an sa wasa a garinku, a je, a sayi tike, a daina neman shiga ta hannun ɗan uwa mai tsaron ƙofa. In an je, a aje salula ko na minti goma ne a saurara. In an fito, a faɗi abin da aka gani dalla-dalla: an fara kan lokaci? Da makaɗa aka yi ko da na'ura? Ana jin kalmomin? Labarin ya riƙe ka har ƙarshe? Wane ɗan wasa ne ya sa ka manta wasa ake? Yabo in ya cancanta, gyara in ya kama, ba tare da zagin uwar kowa ba, kamar yadda masu kallon wasan kara suka koya mana. Masu shirya wasa kuma su rubuta gaskiya a jikin talla, in da faifai ne a ce da faifai ne, mai saye ya san abin da ya saya.

Sai babban roƙo ga iyayenmu da yayyenmu da suka yi samariya. Da yawa daga cikin waɗannan wasanni ba a taɓa rubuta su ba, suna cikin kawunan waɗanda suka yi su ne da tsofaffin kaset da zafi da ƙura ke ci. Duk mai hoto ko kaset na festibal a cikin akwati, ya fito da shi a juya shi tun bai lalace ba. Matasa, ku zauna da tsohuwar da ta yi bale ko tsohon da ya yi tiyatir a unguwarku, ku kunna salular nan ku naɗi labarinsa, wannan karon ta yi amfani.

Ku kuma da kuka ga zamanin da idonku, muna jiran ku: wane wasa ne har yau ba ku manta ba, a wane gari kuka kalle shi, kuma me ya sa ya zauna muku a rai? Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana lafiya.